Yallaɓai, Manhajar Shararka Ta Share Sunan Baba Garba

Zuwa ga Shugaban Sashen Kwamfuta na ofishin ƙungiyarmu ta manoma, Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da kuma kwamfutocin nan naka da kullum kake duba lafiyarsu kafin ka amsa gaisuwarmu.

Yallaɓai, ni ce Rabi, mai tebur na biyu daga ƙofa, wadda ke shigar da sunayen manoma a shafin rajistar irin shuka. Don masu karatu na faɗi haka. Kai kam ka san ni, tunda makon jiya ka aiko mini da takardar tuhuma. Sau biyu ina rubuto maka ta hannun masinja ban ga amsa ba, shi ya sa na fito fili, ko Allah zai sa wani ya karanta ya gaya maka.

Abu ɗaya ne ya kawo ni. Ranar Juma'a mai zuwa za a rufe shafin rajista, kuma har yau sunan Baba Garba bai shiga ba. Dattijo ne daga ƙauyen mahaifiyata, can bayan Jahun. Sau uku yana shiga mota ya zo Dutse saboda wannan rajista, sau uku yana zama a gaban teburina. Ba wutar lantarki ce ta hana ba, ba intanet ba ce, ba kuma ni ba ce. Ga yadda abin yake.

1. Zagayenka na safe

Tun da aka ba ka sashen nan ka ɗauko wata al'ada. Kowace safiya sai ka bi tebur tebur, hannu a baya, ka sa a buɗe maka akwatin nan na fuskar kwamfuta, mai layin da ke nuna yawan RAM, wato wurin aikin kwamfuta, da ake amfani da shi. Idan layin yana ƙasa, ka gyaɗa kai ka wuce. Idan ya haura rabi, ka tsaya ka yi tsaki, ka dubi mai tebur kamar ka kama shi da hannu a tukunya. A taron ma'aikata da bakinka ka ce, "Ma'aikaci mai tsafta, kwamfutarsa ma mai tsafta ce. Wanda ya cika RAM, shi ke kashe mana kayan aiki."

A wannan taron ne ka sa Malam Sabo ya miƙe aka tafa masa, wai layinsa bai taɓa kai kwata ba. Ba ni da rigima da Malam Sabo, mutumin kirki ne, kuma yana raba mana goro. Amma teburinsa na kusa da nawa, Yallaɓai. Yana kunna kwamfuta da safe, ya jira ka wuce, ya ɗauko jarida. Abin da ke fuskar kwamfutarsa daga safe zuwa la'asar hoton wani tafki ne da duwatsu. Shi kansa da aka kira sunansa sai da ya waiwaya, ya zaci wani Sabon ake nufi.

2. Abin da layin nan yake nufi

Ka gafarce ni, ba koya maka aikinka zan yi ba. Ɗan abin da aka koya mana ne a makarantar kwamfuta a Takur, na kuma ga gaskiyarsa da idona shekara da shekaru.

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai babbar ma'ajiya, wadda take kamar rumbu, abin da aka zuba yana nan ko an kashe wuta. Akwai kuma RAM, wanda yake kamar tabarmar da ake baza hatsi a kai lokacin aiki. Abin da ake taɓawa yanzu, a kan tabarma yake. Mai aiki tabarmarsa a cike take. Wanda tasa ke fayau, ko dai ya gama, ko kuma bai fara ba.

Burauza kuwa, wato manhajar da muke shiga intanet da ita, tana da ci, wannan ban musa ba. Kowane shafi da aka buɗe sai ta ware masa wurinsa daban, don idan ɗaya ya lalace kada ya ja sauran. Tana kuma riƙe hotuna da rubutun da aka riga aka buɗe, don kada ta sake zuwa ɗauko su. Ita kuma babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ba barci take yi ba. Idan ta ga wuri ya rage, takan ajiye abubuwan da take zaton za a nema nan kusa. Idan wani aiki ya zo yana neman wuri, da kanta take kwashe su ta ba shi. Idan ma wuri ya yi ƙunci sosai, sai ta ɗauki abin da aka daɗe ba a taɓa ba ta kai shi ma'ajiya. Kwamfutar za ta ɗan yi nauyi, amma aikin mutum yana nan. Tun kafin a ba ka ofis take wannan rabon, kuma ba ta taɓa neman mataimaki ba.

Nauyin da kwamfutocinmu ke yi gaskiya ne. Dalili shi ne RAM ɗinsu giga huɗu ne kacal, tun sayen farko, shafukan yanzu kuwa sun yi ƙiba. Tabarmar ce ƙarama. Kai kuma maimakon ka nemo babba, sai ka ɗauko mai shara.

3. Manhajar shara

Wata biyu ke nan da ka bi kwamfutocinmu ka sa wata manhaja da ka ce ka samo kyauta, mai hoton roket. Ka saita ta yadda duk bayan minti goma za ta leƙa RAM, in ta ga ya wuce rabi ta rufe duk abin da ya fi cin wuri. Ka kuma kulle ta da kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani. To a teburina me ya fi cin wuri in ban da burauza? Ita ce aikin gaba ɗaya.

Rajistar manomi ɗaya tana bukatar shafi huɗu a buɗe: fom ɗin kansa, shafin tantance katin shaida, taswirar da ake nuna gonarsa, da shafin hoto da zanen yatsa. Shafin rajistar kuma ba ya ajiye rabin aiki. Ko dai ka gama ka tura, ko ka koma farko. Da zarar huɗun nan sun buɗe layinka ya haura rabi, sai manhajar ta zo ta yi abin da ka aiko ta. Fuskar kwamfuta ta yi fari, wani ɗan saƙo ya fito da murna yana cewa an 'yantar da wuri. Wallahi saƙon nan ya fi rufewar ci mini rai.

Mun koyi zama da ita. Yanzu da agogon bango nake aiki. Ina jira ta yi shararta ta wuce, sannan in ce wa manomi ya matso da sauri. In saurayi ne, yatsansa na hawa na'urar ɗaukar zanen yatsa take karantawa, cikin minti bakwai mun gama. Amma dattijon da ya shekara hamsin yana riƙe da fartanya, zanen yatsansa ya goge. Sai a shafa masa ruwa, a goge, a gwada babban yatsa, a gwada manuni, a koma hannun hagu. Minti goma ba ya isa. Ka ga ke nan manhajarka tana da zaɓi, Yallaɓai. Samari take bari su wuce, tsofaffi take tarewa.

4. Zuwan Baba Garba

Zuwan farko, manhajar ta rufe mu sau huɗu. Yana zaune ya miƙo hannu kamar mai jiran allura, ni kuma ina ta sake rubuta sunansa da na mahaifinsa. Da azahar ta yi ya ce, "'Yar nan, ko dai na'urar ba ta son hannuna ne?" Na ce masa a'a Baba, intanet ce. Ƙarya na yi masa, don ban san yadda zan ce wa dattijo shugabanmu ne ya sa a riƙa share shi ba.

Zuwa na biyu na tashi na same ka a ofis, na roƙi ka dakatar da manhajar na awa ɗaya. Ba ka ɗago kai daga wayarka ba ka ce, "Ki rage shafuka." Na ce huɗun nan dole ne. Ka ce, "To ki rage sauran." Babu sauran, Yallaɓai. Na dawo na tarar ya ɗauko ƙullin gyaɗa daga aljihu ya ajiye mini a tebur, wai don wahalar da yake ba ni.

Zuwa na uku na shirya. Na rubuta komai a takarda tun kafin ya iso, na sa ya jiƙa yatsa tun a bakin ƙofa. Allah ya taimaka na'ura ta karanta a gwaji na shida. Na danna turawa, 'yar da'irar nan ta fara juyawa, farin ciki ya kama ni na ce, "Baba, an gama." Ya ɗaga hannu ya sa mini albarka, ya sa wa mahaifiyata, ya ɗauki sandarsa da sauri don kada motar Jahun ta cika. Bai kai bakin titi ba fuskar kwamfuta ta yi fari. Na yi ta fatan sunan ya riga ya shiga rajista. Na duba a ranar, na duba washegari, na sake dubawa bayan kwana biyu. Sunansa ba ya ciki.

Furta kalmar nan kafin in ga tabbaci kuskurena ne, na ɗauki laifin. Kunyarsa ta hana ni sakewa har yau.

5. Takardar tuhuma

A cikinta ka ce in yi bayanin dalilin da ya sa kwamfutata ta fi ta kowa cin RAM, da dalilin da ya sa rajistata ta ragu a wata biyun nan. Tambaya biyu a takarda ɗaya, kuma ba ka ga sun amsa juna ba. Ta farko, saboda ina aiki ne. Ta biyu, saboda manhajarka. Wannan ce amsata, a sa ta a fayil.

Abin da nake roƙo

Na farko, ka cire manhajar nan daga teburan rajista kafin ranar Alhamis. In cirewar za ta taɓa martabarka, ka ba ni kalmar sirrin in kashe ta da kaina, ba wanda zai ji daga bakina. Kana iya barinta a kwamfutar Malam Sabo, can ba ta da abin da za ta ɓata.

Na biyu, ka rubuta wa shugabanni a ƙara wa kwamfutocin rajista RAM. Wannan ne gyaran, kuma rubutun ba zai ɗauke ka lokacin zagayen safe ɗaya ba.

Na uku, in dai sai ka auna mu, ka auna mu da yawan manoman da suka tashi daga gabanmu da suna a rajista.

Na ce Alhamis ne saboda dalili. Shekaranjiya mahaifiyata ta kira ni a waya tana murna. Ta ce Baba Garba ya bi ƙauye yana gaya wa kowa 'yar Hajiya Binta ta sa sunansa, irin ƙungiya na nan tafe. Geron da ya ware tun kaka don shuka, ya ɗebi rabi ya ba maƙwabcinsa wanda ƙwari suka cinye wa nasa, sauran kuma ya ba iyalinsa suka daka. Ya ce ba amfanin ajiye iri biyu a gida ɗaya alhali wani ba shi da ko ɗaya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma mutumin nan ba shi da ƙwaya ɗaya da zai sa a ƙasa sai wadda na ce masa an gama.

Ban iya gaya wa mahaifiyata ba. Na dai ce ta aika masa ya zo ranar Alhamis akwai ɗan abin da ya rage. Zai zo, na san shi, kuma da gyaɗarsa zai zo. Idan na kunna kwamfuta a ranar na ga roket ɗin nan yana nan, ba zan sake ɗora wa intanet laifi ba. Zan riƙo hannunsa in kawo shi ofishinka, in jawo masa kujera, ka buɗe masa akwatin ka nuna masa yadda layin ya sauka, ka yi masa bayanin abin da zai shuka bana.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ɗaukaka ka zuwa kujerar da ta fi wannan, ya ba ka ma'aikata masu gaya maka gaskiya tun da wuri. Allah kuma ya kiyashe ka da ranar da za ka dubi idon dattijo ka ce masa an gama, alhali ba a gama ba.

Wassalam.

Taka a aiki,
Rabi, tebur na biyu daga ƙofa,
Limawa, Dutse.