Ki Ajiye Taɓaryar Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da surukarki da jaririya. Mu nan Tiga alhamdu lillahi. Babanki lafiya, sai gwiwar nan da ke hana shi shiga kwalekwale wani lokaci. Ƙaninki Sani ya warke daga masassara. Kakarki ce dai tari bai sake ta ba. Ni kuwa da sauƙi sosai.

Kada ki yi wa rubutuna dariya, da girma na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma na gode Allah da na shiga. Ke 'yar fari ce, ko sunanki ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke mu yi irin wannan zance. A takarda zan iya.

Ƙanwata Ladi ta dawo daga Doguwa bayan suna tana ta yabonki. Wai washegarin suna ta same ki kina surfen masara, da yamma kuma kin gangara rafi da tulu kin hauro tudun nan naku. "'Yarki jaruma ce, Yaya," in ji ta.

Ni ma haka aka yabe ni. Shekarar da ruwan dam ya ci tsohon garinmu aka taso mu, ina jegon Sani. Ana ginin ɗakuna, ni ce ɗibar ruwan kwaɓa ƙasa, ni ce daka, ban ko yi arba'in ba. Daga baya na fara jin nauyi a mara, kamar wani abu zai faɗo. Haihuwa biyu bayan nan, in yamma ta yi har sai in ji shi ya leƙo. Zazzagowar mahaifa ake ce masa. A lokacin ban san sunansa ba, sai dai in ƙara tamke zani.

Ke kika fara ganewa. Kina ƙarama, taɓarya ta fi ki tsawo, kika gan ni ina daka hannu ɗaya a mara. Kika ce, "Inna, kawo, ni daka daɗi yake mini." Daga ranar har aka kai ki ɗakinki ban sake ɗaga taɓarya ba, kuma ba ki taɓa tambayata dalili ba. Ban taɓa ce miki na gode ba. Na gode. Allah ya saka miki da Aljanna.

Kin tuna Ba'indiyar nan matar injiniyan ruwa, wadda nake kai wa kifi? Yadda nake zama a karkace ta lura da shi. Da gurguwar Hausarta ta ce, "Mama, ciki ba ya son yunƙuri." Ta ba ni hulba in jiƙa in sha da safe, da wani gari na 'ya'yan itacen ƙasarsu don bayan gida ya zo da laushi, da citta saboda tari. Ta ce in yawaita zogale da kuɓewa da ruwa. Ta koya mini matse ƙasana kamar mai riƙe fitsari, in saki, in sake, ko ina tsintar shinkafa ne. Bayan azahar in kwanta in jingina ƙafafu da bango.

Kuma ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce garin maganin nan sauƙi kawai zai kawo, ba zai mayar da abin ba. A motar mijinta ta kai ni asibiti a Kano, aka sa mini wani zoben roba da ke tallafe shi, nake komawa ana dubawa. Yau ina sujada ba fargaba. Ta koma ƙasarsu ban ma san garinsu ba. Allah ya kai mata alherinta inda take.

To ke kuma, wa zai karɓar miki? 'Ya'yanki ƙanana ne. Don Allah ki ajiye taɓaryar nan, a kai masara inji. Tulu kuma ki bar shi. Masu ce miki jaruma ba su za su ɗauki nauyin ba. In akwai wata a gidanku da ke zama a karkace, ki karanta mata wannan, ban hana ba.

Babanki ya yarda zai je ya roƙi maigidanki ki zo gida ki ƙarasa arba'in. Ban faɗa masa dalili ba, na ce kewa ce. Amma ya ce sai ya ji daga gare ki, kada a ce mun shiga gidan suruki.

Allah ya raya jaririya, ya tsare miki jikinki, ya ba ki mai jin ƙanki kamar yadda kika ji nawa. Amin.

Ki ba direban motar kifin da ya kawo miki wannan takarda amsa kafin Juma'a ta sama. Ki faɗa mini gaskiya ko kina jin nauyin nan ko ba ki ji. In Juma'a ta wuce shiru, zan hau mota a Kwanar Dangora in zo da kaina, Doguwa ta ce abin da za ta ce.

Ni ce,
Innarki.