Ki Rubuto Mini da Masu Tumbi

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, Ya raya zuri'a. Ni dai da sauƙi, sai ƙafa da ta ƙi ni, da ido da ke ta ja da baya. Yayanki ya leƙo watan jiya, bai ko zauna ba. Tun rasuwar mahaifiyarki ɗakin nan ya yi mini faɗi, ni da agogon bango kawai muke hira.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasiƙarki. Yau kwana ashirin tana ƙarƙashin matashina, ban san abin da ke cikinta ba. Tela maƙwabcina da ke karanta mini ya tashi daga layin, waya kuwa kin san kunnena ba ya kama ta. Na sa tabarau, na kai takardar bakin taga, rubutun ya zama kamar jerin tururuwa. Wannan ma da kike karantawa hannu ne kawai ya san hanya, ni ba na ganin abin da na rubuta.

Ko kin tuna haruffan nan da muke kira Masu Tumbi a maɗaba'a? Baƙaƙe ne masu kauri, cikinsu zagaye kamar tulu, ƙafafunsu gajeru, wannan ya karkata dama wancan hagu, kamar yara an tashe su daga makaranta. Shekara talatin da huɗu ina jera haruffa, ban taɓa ganin girman Masu Tumbi ba. A rubutun kwalin alewa nake sa su, da allon makarantar yara, da tallar gwanjo. Na taɓa yi wa abokin aikina faɗa har ya yi fushi, don ya jera sanarwar rasuwa da su. Na ce masa harafin da ke dariya ba ya ɗaukar maganar manya. Mahaifiyarki kuwa tana son su. Ta kan ce ni ne ban iya dariya ba, shi ya sa nake kishi da su.

Shekaranjiya mai kanti ya aiko mini da biskit. Ina juya kwalin sai na ga sunan ya fito mini sarai, da Masu Tumbi. Auta, na karanta kalma biyun nan ya fi sau goma, hawaye na zuba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, in ji mutane. Ni nawa buɗe mini ido ya yi.

Don haka ina roƙonki, ki nemi irinsu a kwamfutar wurin aikinki, ki sake bugo mini wasiƙar nan da su, manya-manya, ko kalma biyar ce a shafi. Ban sani ba ko kin ce kina tafe ne, ko wani abu ya faru. Ko da labarin baƙin ciki ne, gara ya zo mini yana dariya da ya kwanta shiru a ƙarƙashin kaina. Kada ki jinkirta, idon ba ya jira.

Ki gaida maigidanki, da takwarana, da 'yar ƙaramar mai wushirya, da surukarki.

Ni ne mahaifinki,
mai jiran amsa a bakin taga.