Faifan Da Aka Riƙe Da Ɗan Yatsa

Chicago, 4 ga Maris, 1957

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Na san ka ce in har na tafi bin masu jita da ganga kada in ƙara rubuto maka. Shekara biyu ina bin maganarka, yau dai na karya.

Faifan da ke cikin ƙunshin nan nawa ne. Mista Kessler, mai kamfanin da ya ɗauke ni, ya ce mini, "Ke yarinya, samo mana tsohuwar waƙa wadda iyaye suka sani, mu sa mata ganga, yara su saya, tsofaffi su yi shiru." Sai na ce "Benci a Bakin Kogi". Ka fi ni saninta, shekara talatin kana kaɗa ta da fiyano a otal, Mama kuma ba ta guga sai da ita.

Ɗakina a hawa na huɗu yake, tagar tana kallon bango. Ranar da faifan ya fito na rasa wanda zan nuna wa, sai na jingina shi da butar shayi na zauna ina kallo.

Ka saurara. In ka ce in zo, zan zo. In ba ka ce ba, na gane.

'Yarka,
Odessa

Vicksburg, 15 ga Maris

Zuwa ga Odessa,

Bayan gaisuwa. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta.

Saƙo ya iso. Faifan naku ɗan mitsitsi, ga rami a tsakiya kamar bakin kofi. Sai da na yanka kwali na cike shi kafin ya zauna a kan garmahon mahaifiyarki. Na wana, na sa sabuwar allura, na zauna a kujerata.

Minti ɗaya da rabi, an gama. Waƙar da muke ja a hankali har mai rawa ya samu ya faɗa wa yarinya abin da ke ransa, ita kuka kora a guje kamar an biyo ku da sanda. Muryar kuma, Odessa, tsuwa ce kawai irin ta ɓera. Sau uku na sa, ban ji 'yata a ciki ba. Da mahaifiyarki Corinne tana raye da ta yi kuka, ba kuma na daɗi ba.

Ban san abin da suka yi miki a can ba. Kin tambaye ni, na faɗa.

Gidan shiru. Kajin Corinne saura biyu.

Mahaifinki,
Ambrose Tillery

Chicago, 22 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta zo, na karanta a tsaye a bakin matakala.

Ɓera. To, na gode. Sau goma sha ɗaya na maimaita waƙar nan a gaban na'ura, ina tuna yadda Mama take sauke murya a ƙarshen baiti, har mai ganga ya ce, "Baiwar Allah, mu fa da yunwa muka zo."

Jibi za mu fita yawon wasa a mota, gari-gari, ban san ranar dawowa ba. Ba zan ƙara damun ka ba. A riƙa shafa wa ƙafar magani.

Odessa

Vicksburg, 9 ga Yuni

Odessa, 'yata,

Ina gaishe ki. Ban san inda wannan za ta same ki ba, na dai aika gidan da kike haya.

Ranar Talata da azahar ina wucewa ta gaban shagon Cleophus mai soya kifi, sai na ji mahaifiyarki tana waƙa. Wallahi sai da na dafa bango. Na shiga, ashe akwatin nan ne da yara suke jefa wa kuɗi ya yi kiɗa. Na ce, "Cleophus, wace ce wannan?"

Ya ajiye matsami ya dube ni. "Dattijo, zolaya kake? 'Yarka ce. Wata uku yaran nan suna cinye mini kunne da ita."

Na ce ai ina da faifanta a gida, ba haka yake ba. Ya ce a kan me nake sawa. Da na faɗa masa, mutumin nan ya yi dariya har kifi ya ƙone. "A kan garmahon zamanin Annabi Nuhu? Ai ƙananan faya-fayan nan a hankali suke juyawa. Naka yana gudu kusan ninki biyu. Kai da kake koya wa mutane kiɗa."

Na fita daga shagon. Na koma gida na wana garmahon, na ɗora babban ɗan yatsana a gefen farantin ina danne shi kaɗan-kaɗan. Ɓeran ya yi ta sauka, ya yi ta sauka, sai ga ki. Hannun da ya riƙe wa makaɗa goma sha biyu lokaci a otal bai manta aikinsa ba. Na ji inda kika sauke murya a ƙarshen baiti. Gangar ma, in faɗi gaskiya, ba ta tsallake ko bugu ɗaya ba.

Ni na kora waƙar a guje, ba ke ba. Na ji kunya, kuma ina kewarki. Ki zo.

Mahaifinki

Vicksburg, 28 ga Yuli

Odessa,

Gaisuwa. Shiru har yanzu, ban kuma ga laifinki ba.

Cleophus ya cire ki daga akwatinsa, wai kin tsufa, wata huɗu kacal. Mai shagon faifai ya ce babu saura. Nawa kuma allurar ƙarfen nan tana cin sa, ba don ita aka yi shi ba. Duk sawa sai na share baƙin gari daga kai. Kullum da la'asar nake sawa sau ɗaya, bayan na ba kaji hatsi. Baitin farko ya tafi, sai shuu kamar ruwan sama. A na biyu ana ɗan jin ki daga nesa.

Ina jin saura sawa ɗaya ko biyu. Na naɗe shi a cikin gyalen Corinne na sa a durowa, ban san ranar da zan kashe su ba.

Na sa an gyara fiyano. Ina gwada bugun nan naku da hannun hagu. Maƙwabciya ta aiko a tambaya ko lafiya.

Mahaifinki

Detroit, 6 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Wasiƙunka biyu sun bi ni gari huɗu, yau suka same ni tare.

Kada ka taɓa faifan nan, bar shi a gyalen. Zan iso a jirgin ƙasa ranar Asabar, ƙarfe huɗu na yamma. Kai za ka zauna a fiyano, amma ni zan ƙirga ɗaya, biyu, uku, kai kuma ka bi.

Odessa