Ɗan kunnen marigayiya a waƙar aminina

Assalamu alaikum 'yan'uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ina zaune a Zongo nan Kotono, atamfa nake sayarwa a kasuwar Dantokpa. Shekara biyu ke nan da matata ta rasu, ta bar mini 'ya ɗaya. Ina da amini, tare muka zo garin nan, shi yana fitowa a fim kuma yana waƙa. Gidana gidansa ne, ranar jana'iza ma shi ya kama mini muka sa ta a kabari.

Watan jiya ya fitar da album, waƙa takwas amma labari ɗaya ne, yadda wani ya so wata a ɓoye har ciwo ya ɗauke ta. Na saurara a shago har na yi hawaye, na ɗauka ta'aziyya yake mini. Sai a ta biyar na ji yana cewa ta bar masa ɗan kunne guda mai jan dutse, yana ajiye da shi har gobe. Jama'a, ni na saya wa marigayiya irin wannan ɗan kunnen. Wata rana ta dawo daga unguwar Zogbo da guda ɗaya a kunne, ta ce a kan zem, wato acaɓa, ɗayan ya faɗi, kuma a Zogbo aminin nawa yake zaune. Ɗayan yana cikin akwatinta yanzu haka.

Na same shi na tambaye shi, ya rantse wai matarsa ce ta ba shi labarin ɓatan, shi kuma ya ƙawata, ya ce mawaƙi ai tsince-tsince yake. Amma bai iya kallon idona ba, kuma da na ce mu kira matar tasa, sai ya ce kar in tayar masa da gida. Hajiyata ta ce in ji tsoron Allah in bar mamaciya ta huta, ni kuwa ban taɓa kama ta da komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai, 'yata ta haddace waƙar, tana rerawa tana shara. Ranar Asabar za a yi ƙaddamarwa, ya aiko mini da katin kujerar gaba. In je wajen matarsa ba da saninsa ba, ko in yi shiru in mutu ban sani ba?