Ciyawar Madam Ta Ratsa Zana

Zuwa ga Yaya Salifou, farin watana, ruwan sabuwar randa, sarkin lambun Kumandan, Baturen mulkin Dapaong, mai lallashin ciyawa ya bar mutum. Gaisuwa daga Zangon Sokode.

Ka tuna ranar da ka tsaya a bakin rijiyarmu, ka rantse damina ɗaya za ka yi wa Bature aiki ka dawo a ɗaura mana aure? Damina ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Sai ga direban mota da tsarabarka: ba zane ba, ba turare ba, reshen ciyawar Madam, matar Kumandan, a tsumma! Kaka ta ɗanɗana ta tofar, ta ce ba miya ba magani. Akuyarmu, wadda ke cin sabulu, ta shinshina ta kau da kai. Ganyen fari fat kamar kan tsohuwa, har Kaka ta sa mata suna Furfura. Ko nufinka in yi irinta kafin ka waiwayo?

Amma na bi umarninka, ya sanyin idona. Na dasa ta a tsakuwa inda rana ke duka. Ka ce kada a cika mata ruwa, saiwarta ruɓewa take. A datse ta bayan fure, a manta da ita, ita ke son haka. Madalla da ilimi. Ashe a kaina ka fara gwada shi. To ni ba ciyawa ba ce, kewarka tana cina, kuma ina jin haushin kaina da hakan.

Abu ɗaya ka manta ba ka faɗa ba: duk inda reshenta ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa. Ta rufe tsakar gida, ta bi ta ƙarƙashin zana ta shiga gidan Issifou mahauci. Shi bai yi karatun lambu ba, kullum sai ya leƙo ya tambayi lafiyarta, da ƙunshin hanta a hannu. Sau biyu Kaka tana mayar masa da goron neman aurena. Ta ce hannunta ya gaji.

Ka zo kafin Sallar Layya, ya abin begena. Bari Madam ta sami wani mai tsugunno a lambunta.

Taka har abada, wadda saiwarta ke gefenmu na zana har zuwa Layya,
Memounatou