Mai Lamba Talatin da Ɗaya

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Yau muka fara fita fili aikin bincike. Mutum sittin, manoma da makiyaya, daga Shabu har hanyar Keana. Kowa mun sa masa manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayarsa: ka danna, ka yi tambaya da baki, ta amsa maka da Hausa. Abin da digirina ke nema shi ne wa ya yarda da ita, kuma don me. Nguavese, abokiyar aikina, ta ce rabin manomanta tambayar farko da suka yi wa na'urar ita ce ko tana da miji.

Asabar, 21 ga Yuni

Na je ruga. Na sa Baffa cikin binciken, shi ne mai lamba talatin da ɗaya. Nguavese ta ce bai dace ba tunda mahaifina ne. Na ce mata makiyaya sun yi mana ƙaranci. Ƙarya na yi. Dalilin zama gabansa nake nema.

Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. 'Yar fari ce ni, kunyar Fulani kuma ba ta barin uba ya kira ɗan fari, balle ya yi hira da shi. Ana yaye ni aka ba ƙanwarsa, Goggo Usaina, a nan Lafiya. In yana da magana da ni sai ya dubi wani ya ce a gaya wa wance. Na san al'ada ce, har na yi mata shafi uku a babi na biyu na kundina. Sanin bai hana ta yi mini ciwo ba.

Na karanta masa takardar amincewa kamar yadda nake wa kowa: duk abin da ka faɗa wa wayar nan ana ajiye shi, mai bincike kuma za ta saurara. Idonsa na kan shanu ya ce, wace ce mai binciken? Na ce ni ce. Sai ya miƙo yatsa ya dangwala.

Sai awon yarda. Tsakuwa biyar muke zuba wa wanda ba ya karatu, ya ɗauki iya yardarsa. Baffa ya ɗauki ɗaya. Wai abin da bai taɓa kiwon ko akuya ba, me zai gaya masa?

Na ga ya tsaga takalminsa ta sama. Ƙafar ta kumbura. Da na sa aka tambaye shi, ya ce tafiya ce.

Laraba, 9 ga Yuli

Zama da Farfesa Torkula, mai duba aikina. An tsayar cewa muryoyin mutane za su zauna a kulle sai ƙarshen Agusta, don kada abin da muka ji ya canza yadda muke yi musu tambayoyi. Ni na kawo shawarar, ya yaba, kaina ya kumbura. Abin da za mu iya gani kawai shi ne sau nawa kowa ya danna.

Mai lamba 31 ya fi kowa. Mai tsakuwa ɗaya! Nguavese ta ce, "Babanka ɗin nan, yana zagin abu, yana cin shi kullum." Mun yi dariya har da hawaye.

Asabar, 19 ga Yuli

Na so zuwa ruga, ruwan sama ya cika rafi, masu mashin suka ce ba su hayewa. Na wuce Keana. Wata tsohuwa mai dafa gishiri ta ɗauki tsakuwa uku. Ta ce abin ya san magana, amma bai taɓa tambayar ta ya yara ba.

Talata, 5 ga Agusta

Goggo ta dawo daga ruga. Ta ce Baffa ya rame, kuma ya tambaye ta, wai wance aiki ya yi mata yawa ne? Ya tambaye ni! Na wuni ina murmushi kamar wata sakarya. Na ce mata da an rufe fili zan je in kwana biyu, in kuma lallaɓa shi a duba ƙafar nan.

Saura mutum goma sha takwas mu gama.

Alhamis, 14 ga Agusta

Baffa ya rasu yau da hantsi. Ina Shabu ina zuba wa wani tsakuwa.

Lahadi, 17 ga Agusta

Sadakar uku. Ina zaune cikin mata, ana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na kasa kuka. Ta yaya ake kukan mutumin da ba ku taɓa hirar minti goma ba?

Goggo ta ce sau uku ana kawo keke mai ƙafa uku don a kai shi asibiti yana ƙi. Cewa yake an riga an sanar, a jira. Ba wanda ya san wa ya sanar. Ta ce kullum in an gama tatsa sai ya ɗauki waya ya tafi gindin ɗorawa.

Litinin, 1 ga Satumba

An buɗe muryoyin. Nguavese ta ce in bar mata 31. Na ƙi.

Saƙonninsa hamsin da biyu ne. Na farko gyaran murya ne da kukan maraƙi. A na biyu ya ce, "To, ana ji ko? An haihu cikin shanu, mace ce." Na'urar ta fara zubo masa bayanin kula da maraƙi, ya katse ta: "Ke yi shiru, ba da ke nake ba."

Na tsayar, na sake kunnawa daga farko.

Ba da ita yake ba. Bai taɓa tambayar ta komai ba. Na ce masa mai bincike za ta saurara, na ce ni ce, ban ce masa sai bayan wata biyu ba, don lokacin ban ma kawo wayona na kullewa ba. Mutumin da kunya ta hana shi dubana ya samu hanyar yi mini magana ba tare da ya haɗa ido da ni ba, ya ɗauka kullum ina ji.

Talata, 2 ga Satumba

Na saurare su duka. Labarin damina. Ranar da aka kai ni gidan Goggo, wai ya bi motar a ƙafa har bakin titi. A riƙa cin abinci, an rame. A daina hawa mashin in an yi ruwa.

Daga na talatin ƙafa ta shigo. Numfashi ba ya isa. Kowane lokaci na'urar tana ce masa wannan alama ce mai haɗari, ya je asibiti yau, kuma ita ba ta iya isar da saƙo ga kowa. Gaskiya ta gaya masa tsaf. Ya ce mata, "Wadda ta kawo ki ta ce tana ji. Ita ba ta ƙarya."

Na arba'in da takwas: "In an samu sarari a zo a kai ni. Ba na son kowa ya kai ni sai ita."

Na hamsin da ɗaya: "Ba komai. Aiki ne. Na sani."

Na ƙarshe daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Iska, tari, sannan ya kira sunana, ya ce, "Juwairiya." Iska kuma. "Shi ke nan."

Kukan da ya ƙi zuwa ya zo. A ofis, gaban Nguavese da masu shara.

Juma'a, 12 ga Satumba

Farfesa ya ce a cire 31 daga lissafi, bai amsa abin da ake aunawa ba. Na ce to. Ya ce in ɗauki hutu. Na ce to. Na dai roƙi a gyara takardar amincewa, a rubuta ranar da za a saurara, a faɗe ta da baki sau biyu.

Jadawalina ya ce Baffa tsakuwa ɗaya ya ba na'ura. Babu gurbin da zan rubuta inda sauran huɗun suka tafi.

Talata, 23 ga Satumba

Kwana arba'in. Maraƙar ta yi wayo. Goggo ta ba ni wayarsa, an ɗaure bayanta da roba.

Da la'asar na zaga gindin ɗorawa, don in ga wurin kawai. Ban san ya aka yi na danna wayar ba. Na ce, "Baffa, na ji. Na zo."

Na'urar ta fara ba ni haƙuri da muryar nan tata mai ladabi. Na ce mata ta yi shiru, ba da ita nake ba.