Abin Da Kika Karanta A Bakina

Fanshekara, Kano.
Laraba, 30 ga Maris, 1983.

Zuwa ga Ladidi, sanyin idona, inuwar ceɗiya a tsakiyar bazara, ruwan sabuwar randa mai ƙamshin ƙasa, kurciyar da ta yi sheƙa a ƙirjina ba ta nemi izinin kowa ba!

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da su Baba da su Inna. Yaya aiki, yaya ƙarar injuna? Kina nan kina yi wa mutane magana da ƙarfi kamar suna tsallaken kogi? Kada ki daina. Duk Kano babu muryar da nake so irin wannan da masaƙar Bompai ta buɗe miki. Ni kuwa na yi wanka sau biyu da sabulun da kika ba ni kafin in taɓa takardar nan, don kada ki buɗe ta warin majema ya riga gaisuwata isa gare ki.

Kwana huɗu suka rage, masoyiyata. Ran Lahadin Ista ikilisiya za ta sauka bakin kogin Challawa, can sama da inda kwatocin kamfanoni ke zuba, a gurbin nan da ba ya ƙafewa, Fasto ya shiga ruwa ya yi wa mutum goma sha ɗaya baftisma. Kin kuma san maganar mahaifinki Baba Shu'aibu, ba su ɓoye mini ba tun ranar da na je gaisuwa: dattijon ikilisiya ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai shaida bangaskiyarsa a gaban jama'a ba. In na shiga ruwa ran Lahadi, a ɗaura mana aure Asabar ɗin ƙarshen Afrilu. In ban shiga ba, babu magana. A kan wannan nake rubuto miki, don in muna tare ba na iya gama zance. Da kin kafa mini idanun nan naki sai hujjojina su watse.

Kin tuna yadda kika koya mini maganar masaƙa? Kin ce a ɗakinku injin ya fi ɗari, mutum ba ya jin ko tarinsa, don haka da leɓe kuke hira, kowa na karanta bakin ɗan'uwansa daga nesa. Na ce ban yarda ba. Kika ja da baya taku goma, kika motsa baki ba murya, na tsaya ina kallonki kamar baƙauyen da ya fara ganin jirgin ƙasa. Wata biyu kika yi kina fama da ni kafin in fara ganewa. Daga nan zaman coci ya yi mini daɗi! Ga maza a dama, mata a hagu, ke kina gaba cikin mawaƙa kina fuskantar jama'a, sai ki saci ido ki ce mini wuyan rigata ya lanƙwashe, ko ki ce in daina gyangyaɗi, ba wanda ya ji. Wace irin dabara ce ta kai wannan? Na ɗauka na sami hanyar da zan riƙa jin ki a ɓoye. Ban yi tunanin cewa ke ma kina kallon nawa bakin ba.

Mako uku ke nan da kika kama ni. Jama'a sun miƙe ana faɗin shaidar bangaskiya baki ɗaya, ni ma na miƙe, ina motsa muƙamuƙi kamar akuya mai tuƙa, kamar yadda na saba. Bayan an tashi kika tsayar da ni a gindin mangwaron bayan coci, kika ce, “Labaran, ba ka faɗa ba. Bakinka motsi kawai yake yi, babu kalma ko ɗaya. Tun yaushe?” Na ce shekara biyu. Ba ki yi kuka ba, ba ki yi faɗa ba, kika dai zauna a kan saiwa kina murza bakin gyalenki. Gara da kin zage ni.

Shekara biyu, ba wanda ya gane sai ke. Wa zai zarge ni? Ni ne ɗan mai bisharar da ya ƙare ƙarfinsa a kan keke yana zaga ƙauyukan Rano. A ajin masu shirin baftisma kafin Fasto ya rufe baki na ba da amsa, har ya ɗora mini yi wa sauran bita. Amsoshin nan duk suna kaina tun ina yawo ba wando. Abin da babu shi ne wanda ake nema.

Kin tambaye ni me ya faru, wa ya ɓata mini rai, wane littafi na karanta. Babu, Ladidi. Da ma akwai, da na sami abin da zan nuna miki. Ba wanda ya cuce ni a coci, ban kuma yi fushi da Allah ba. Ta yaya zan yi fushi da wanda na kasa tabbatarwa yana nan? Tulu ne mai tsaga, ana ɗauke da shi ana tafiya, sai da aka iso gida aka ga ya yi sauƙi. Wata Lahadi ana cikin addu'a na ji ina sauraron muryoyin mutane kawai, da kukan jariri, da motsin kwanon rufi. Na yi azumi. Na karanta Littafi daga bango zuwa bango. Na durƙusa har gwiwoyina suka yi kanta, ina cewa in kana nan ka taimake ni. Abin bai dawo ba.

Ke kuwa kin ce zaɓi ne. Maganarki tana nan a kunnena: “Kai kana jira ka ji wani abu a zuciya kafin ka yarda. Innarmu ba ta jiran ruwa kafin ta yi shuka. Binne take yi, ta zuba iri a busasshiyar ƙasa ta rufe, ta koma gida. Ni ma ba kullum nake jin komai ba, zaɓa nake yi kowace safiya.” Ban taɓa jin wa'azin da ya kai wannan ba, kuma na yi ta juya shi ina kan keke, har na kusa faɗawa bayan tirela a kwanar Sharada.

To ga tawa. Kin san aikina tantance fata ne. In an gama jeme fatun awaki sai a jibge su a gabana, in shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila, in duba yankan wuƙar mai fiɗa, da cizon kaska, da tabon ƙazuwa, sannan in buga hatimi: lamba ɗaya, biyu ko uku. Mutane na ce mini mai zaɓen fata, amma ni ban taɓa zaɓen komai ba. Ido ne ke gani, hannu ya bi. Sau nawa nake ɗaga fata mai laushi kamar kumatun jariri, raina na so ta zama lamba ɗaya, in juya ta in ga ɗan huji a gefen ciki? Son da nake yi mata ba ya toshe hujin. Hatimin yana hannuna, ina iya buga ɗaya, ba wanda zai gane yau. Sai fatar ta tsallaka teku, mai ɗinkin takalmi ya ja ta, ta yage a hannunsa. Shekara shida ina wannan aiki ban taɓa yi ba.

Akwai Muntari, mutumin Maraɗi, wanda teburinsa ke kusa da nawa. Da lokacin azahar ya yi zai wanke hannu ya shimfiɗa buhu a bayan ramukan farar ƙasa ya yi sallarsa, ko injin na ruri ko ba ya yi. Ina kallonsa ina jin ƙyashi, ba zan ɓoye miki ba. Ran nan na tambaye shi yadda aka yi ya zaɓi ya yarda. Ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ya zaɓi tsawonsa, ya ce, “Kai Labaran, shiriya ai ta Allah ce, ba a kasuwa na sayo ta ba.” Kin ga, shi da ke ba addininku ɗaya ba, ba kuma bakinku ɗaya a kan wannan ba, amma ku biyun kuna da abin da na rasa.

Ke fa, hasken ranata, zaɓarki na yi? Yaushe na zauna na auna? Na gan ki ne da auduga a gira kina dariya, shi ke nan, aka gama da ni. In yau aka ce in daina sonki a ba ni Bompai da Sharada da Challawa da duk abin da ke cikinsu, zan iya cewa na daina, amma faɗa ce kawai.

Duk da haka ba zan ce ba ki da gaskiya ba. Da na natsu na ga inda maganarki ta tsaya daram. Zuwa coci zaɓi ne. Buɗe Littafi zaɓi ne, durƙusawa ma haka, ko da mutum bai san ko ana jin sa ba. Wannan shi ne binnen, kuma na ɗauka, zan ci gaba da yi ba don a gan ni ba. Amma baftisma ba binne ba ce. A cikin ruwa ba za a tambaye ni ko ina nema ba, ko ina fata. Za a ce, “Ka ba da gaskiya?” Shela ce cewa shuka ta tsiro. Ni kuwa na zaga gonar nan lungu-lungu, ban ga ko kore ɗaya ba.

Ran Lahadin da ta wuce kika ce mini, murya ƙasa-ƙasa, abin da ba ki saba ba, “Ka faɗa kawai. Zan riƙe mana bangaskiyar mu biyu har taka ta zo.” Wayyo Ladidi! Kin san abin da kika ajiye a gabana? Kalma huɗu ce fa, na ba da gaskiya, numfashi ɗaya ya ishe su. A bayansu ga ɗakin nan ciki da falo da muka gani a Sharada, mai bishiyar zogale a tsakar gida. Ga ke kina dawowa daga aiki ina tsince miki auduga a gashi. Ga tuwon dawarki, ga tsiwarki, ga 'ya'yan da har mun yi musu faɗa a kan suna tun ba su zo ba! Wane mahaukaci ne zai ga wannan ya tsaya? Kwana biyu ina gaya wa kaina zan faɗa. Har na gwada a gaban madubin aski, kuma ta fito sumul, ko Fasto ba zai gane ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne lissafin kwanaki. Tsakanin kogi da ɗaurin aure mako huɗu ne. Fasto ɗaya, jama'a ɗaya, baki ɗaya. Ran nan zai sake yi mini tambaya a gaban kowa, ko na yi alkawarin zama da ke cikin daɗi da wuya har mutuwa, in ce na yi alkawari. Kowa zai yi guɗa. Ke kaɗai a cocin nan za ki san cewa mutumin da ke tsaye kusa da ke ya iya faɗin babbar magana da fuska a sake alhali babu ita a cikinsa. Ba ranar za ki tuna ba. Sai wata rana, bayan shekara biyar ko goma, na makara a hanya, na zo na ba ki dalili na gaskiya, ki ce to, amma ki tuna da ranar kogi. Ba zan kai ki gidan da za ki riƙa auna maganata ba.

Saboda haka yau da na tashi daga aikin safe ban wuce ɗaki ba. Na je gidan Fasto na roƙe shi ya cire sunana daga masu shiga ruwa, na kuma faɗi dalili. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Daga baya ya ce, “Na so a ce tun bara ka zo mini da wannan, ɗana. Bencinka yana nan, kada ka bar shi.” Ya ce dole Baba Shu'aibu su sani. Na roƙa a bar ni in kai musu maganar da kaina, jibi Juma'a bayan sujada. Na so ki ji daga gare ni kafin nan. In suka tambaye ki ko kin sani, ki ce kin sani. Kada ki rufa mini asiri da abin da ni na ƙi yi.

Na san abin da na jawo miki: surutun mata, da ɗinkin da aka riga aka kai, da fuskar Inna. Ki yafe mini. Ina tsoro ƙwarai. Ba zan ce ki bijire wa su Baba ba. In kuma ke da kanki kika duba kika ga ba za ki iya haɗa gida da wanda ba zai ja addu'ar safe ba, ki gaya mini a fili, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki cire ni daga addu'arki. Ban san ko akwai mai ji ba, amma ba na so ki daina.

Ban san ko bangaskiya za ta dawo mini ba, ba kuma zan sa miki rana ba. Amsa ɗaya tak nake da ita wadda na juya ciki da baya ban sami tabo a jikinta ba, ita ce ta tambayar ranar aure, wadda ta shafe ki. Na ƙi ɓata bakin da zai faɗe ta. Ko ƙarshen Afrilu, ko baɗi, ko sai furfura ta cika mini kai, duk ranar da aka tambaye ni, amsar tana nan. In kuwa ba a taɓa tambayata ba, da ita za a binne ni, ban ba wata ba.

Naki, yau da gobe, har iyakar numfashina,
Labaran.